Igiyar Da Auta Ya Shure

Ya 'yan uwa, mutumin da aka karɓe dukiyarsa da sunansa a hantsi guda, aka bar masa ransa, hukunci aka yi masa ko rahama? Na daɗe ina juya wannan tambaya ban samo mata amsa ba. Ga labarin, ku taya ni dubawa.

An yi wani mutum mai kamfanin wanke gilasan dogayen benaye. A gidansu Auta ake ce masa, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. A wurin aiki kuwa ya hana kowa faɗin wannan suna, sai dai a ce Maigida.

Mutum ɗaya ne bai daina kiransa Auta ba, shi ne mijin yayarsa, wani dattijo siriri da ake wa laƙabi da Ƙadangare saboda yadda yake manne wa bango. Shi ya koya wa Auta sana'ar tun daga riƙon bokiti. Shi ya nuna masa ba a wanke gilashin da rana ke duka, don ruwan zai bushe kafin a share shi, ya bar zane. Inuwa ake bi, da safe bangon yamma, da la'asar bangon gabas. Shi ya nuna masa ɗigon sabulu uku sun ishi bokiti, da yadda ake ɗora robar share ruwa a kusurwar sama, a murzo ta kamar tafiyar maciji har ƙasa ba tare da an ɗaga hannu ba. Shi ya koya masa ɗaure kowane kayan aiki a ƙugu da zare, don abin da ya suɓuce daga hawa na goma ba ya tambayar kan wa zai sauka.

Amma babban darasin dattijon a kan igiya yake. Kowane ma'aikaci igiya biyu gare shi. Ɗaya ta aiki, wadda yake zaune a kanta yana sauka. Ɗaya ta rai, wadda ba ta ɗauke da komai, bin bayansa kawai take yi, tana jiran ranar da ta farko za ta ci amana. Kullum safiya, kafin kowa ya leƙa bakin rufi, Ƙadangare zai zauna ya miƙe ƙafafu, ya rufe ido, ya bi kowace igiya da tafin hannu daga wannan kai zuwa wancan. Yakan ce ido rigar igiya kawai yake gani, tafin hannu ke jin cikinta. In ya ji wuri ya yi taushi, ko ya yi tauri kamar ƙashi, sai wuƙa.

Auta mutum ne mai baki, ya iya zama da manyan ofis. Allah ya buɗa masa, ya kafa kamfani, har wanda ya koya masa ya zama ɗaya daga cikin ma'aikatansa takwas. Dattijon bai ji komai a ransa ba. Ya san rabo ba ya bin shekaru.

To, daga ina ɓarna ta shigo? Daga ido ta shigo. Wata rana Auta ya ga wani kamfani ya sayo mota mai doguwar tsani, jama'a sun taru suna kallo. Daga ranar bai ƙara samun sukuni ba. Ya sayar da filinsa, ya sayar da ɗaya daga cikin motocin aiki, ya yi odar abin da ya fi nasu: kwandon ƙarfe mai inji, wanda mutum biyu za su tsaya a ciki, su danna maɓalli, ya riƙa hawa da sauka da su a jikin bene.

Ga yadda abin yake. Ana kafa hannuwan ƙarfe biyu a kan rufi, su leƙo waje, kwandon yana rataye a bakinsu da wayoyi. A bayan kowane hannu kuma ana jibga tubalan ƙarfe ashirin, su danne shi, don kada nauyin kwando ya ɗaga shi. Tubali arba'in ke nan, kowanne sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗauka.

Ku lura, ya 'yan uwa, Ƙadangare bai ƙi injin ba. Ranar da aka sauke shi ya zagaya shi sau uku, ya shafa fentinsa, ya ce, "Masha Allah, Auta. Bayana ya gode maka." Abu ɗaya kawai ya roƙa. Igiyoyin rai huɗu sun fara bushewa, a canza su.

Auta ya yi dariya har da dafa ciki. "Haba Yaya! Mutum ya sayi doki ka ce ya tanadi jaki? Zamanin igiya ya wuce. Ga zobba nan a jikin kwando, mai jin tsoro ya maƙala ɗamararsa a nan."

Dattijon ya dubi zobban, ya dubi Auta. Ya ce, "Igiyar rai ba a ɗaure ta a jikin abin da ake tsoron ya faɗi. A jikin gini ake ɗaure ta."

"Ka san kuɗin abin nan kuwa, da kake cewa zai faɗi?"

"Ƙasa ba ta san kuɗinsa ba, Auta."

Ma'aikata suka ƙunshe dariya. Wannan dariyar ce Auta bai yafe ba.

Dattijon ya je da kansa ya sayo igiya biyu sababbi, abin da ƙarfinsa ya kai ke nan. Ya ci gaba da zamansa na safe. Auta kuwa duk ya zo ya tarar da shi ido rufe, igiya na wucewa ta tafinsa, sai ransa ya ɓaci. Rannan ya tsaya a kansa a gaban kowa ya ce, "Rabin awa kullum kana ja mana carbi. Masallaci ne nan?"

"Carbi ne mana. Rayukanku nake ja."

"To ka ji, Tsoho. Daga yau ba kai ba wankin gilashi. Tunda nauyi kake so, kai ne mai ɗaukar tubala."

Shekara talatin yana saman iska, aka mai da shi ɗan dako. Kuma bakin da ke ce masa Yaya ne ya ce masa Tsoho.

Da la'asar ya koma gida, ya rataye ɗamararsa a ƙusa, ya gaya wa matarsa ya bar aikin ƙaninta. Tana tsakar gida tana ninke wanki. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba ta kuma kare ƙaninta ba. Ta ce, "Na san halinsa, ni na goya shi. Kunnen ƙashi gare shi tun yana rarrafe. Amma in ka tafi, wa zai ce masa a'a? Shi kaɗai ya rage mini a ɗakinmu. Ka riƙe mini shi."

Washegari dattijon ya sauke ɗamarar daga ƙusa, ya koma ɗaukar tubala. Wasu suka ce ba shi da zuciya.

Ba a yi wata biyu ba Auta ya sami aikin da ya daɗe yana nema, wani bene mai hawa goma sha biyu, gabansa gilashi tun daga sama har ƙasa. Bai ga dalilin da zai fara aikin shiru ba. Ya gayyaci masu ginin da manajojin wasu gine-ginen, ya ɗauko mai hoto, ya sa aka jera kujeru a ƙasa. Ya ce ƙarfe goma kwando zai sauko a bangon gabas, inda ƙofar shiga take. Bangon gabas da hantsi, lokacin da rana ke dukansa! Ko sabon shiga ya san ba a haka. Amma ranar ba don gilashi aka fito ba, don ido aka fito.

Lif ɗin ginin, na'urar da ke hawa da mutane da kaya, a hawa na goma yake tsayawa. Daga nan sai matakala, hawa biyu da rufi, tubali a kafaɗa. Tun sassafe ma'aikata ke hawa suna sauka, gumi har cikin takalmi. Ƙarfe goma saura kwata, hannun hagu ya sami tubalansa ashirin cif. Na dama goma kawai ya samu. Sauran goman suna jibge a bakin lif.

Auta ya hawo rufin cikin fararen kaya, sabuwar hular kwano a kansa, yana duban agogo. Ya ce ya isa haka.

Ƙadangare ya sauke tubalin da ke kafaɗarsa, yana haki. "Saura goma, Auta. Ka ba mu minti ashirin."

"Manyan mutane na zaune a rana, ka ce su jira ka? Masu yin injin nan sukan ƙara lissafi ne don tsoro. Talatin ma ya yi yawa."

Ya kira wani ma'aikaci da ake ce wa Baban 'Yan Biyu, don matarsa ba ta daɗe da haifa masa tagwaye ba, ya ce shi zai yi wankin. Sannan ya faɗi abin da ba wanda ya zata: shi ma zai shiga, don mai hoto ya ɗauke shi yana ɗaga hannu daga sama. Auta kuwa jiki ya ajiye, ya yi biyun kowane ma'aikacinsa. Ga jarkar ruwa biyu cike a cikin kwandon.

A nan, ya 'yan uwa, akwai abin da ke ɗaure mini kai. Da mugunta ce zalla, ai da wasu zai tura ya tsaya a ƙasa. Shi da kansa ya shiga. Ya daɗe yana faɗin ƙarya don kada a ce dattijo ya fi shi sani, har ƙaryar ta zauna masa a matsayin gaskiya. Girman kai haka yake, mai shi yake fara ruɗa.

Dattijon bai ƙara musu ba. Ya ɗauko sababbin igiyoyinsa biyu, waɗanda ya bi da tafin hannu tun da asuba. Ya zagaya su a jikin ginshiƙin siminti na ɗakin tankin ruwa, ya ƙulla, ya shimfiɗa tsohuwar roba a bakin rufi don kada kaifin siminti ya ci su. Ɗaya ya maƙala a bayan Baban 'Yan Biyu da hannunsa. Mutumin ya saci kallon Maigida. Dattijon ya ce masa a hankali, "In ya kore ka, ka zo ka ci a gidana. 'Yan biyu ba su san Maigida ba, kai suka sani."

Ta biyun ya miƙa wa Auta, haɗe da ɗamara. "Don girman Allah. Ko don yayarka."

Auta ya dubi ɗamarar, duk ta koɗe, ga tabon sabulu. Ya dubi fararen kayansa. Ya karɓa ya yar, ya sa ƙafa ya shure igiyar gefe. "A ɗauke ni hoto a ɗaure kamar akuya? Allah ya sawwaƙe."

Ya shiga, ya danna maɓalli. Kwando ya sauka sumul, ba ƙara ba girgiza. Hawa na goma sha biyu, na sha ɗaya, na goma. Daga ƙasa tafi ya tashi. Auta ya tsayar da injin. Don mai hoto ya same shi sosai, ya tako zuwa ƙarshen kwandon na dama, inda jarkokin ruwa suke, ya ɗaga hannu biyu sama.

Ƙadangare ba kwandon yake kallo ba, tubalan yake kallo. Ya ga bayan hannun dama ya ɗaga daga ƙasa kamar faɗin yatsa. Ya koma. Ya sake ɗagawa, wannan karon kamar tafin hannu.

Ya buɗe baki zai yi ihu, ƙarfen ya riga shi. Hannun dama ya tashi tsaye, tubala goma suka watse a rufin, ya kife ya bi bakin bango. Kwandon ya zube ta gefe guda, ya koma a tsaye yana reto a waya ɗaya. Jarkoki da bokiti suka yi ƙasa. 'Yan kallo suka watse, kujeru na kifewa, kowa na salati.

Baban 'Yan Biyu ya fita daga kwandon gaba ɗaya. Ya faɗo kamu biyu, igiyar rai ta cafke shi, ya tsaya cak a iska yana juyawa. Auta kuwa hannunsa na dama kawai ya samu ya saƙala a ƙarfen kwandon. Hawa goma na iska a ƙarƙashin takalminsa. Hular kwanon ta riga ta isa ƙasa.

Yanzu duk nauyin ya koma kan hannun ƙarfe na hagu, shi ma ya fara ja da ciki zuwa bakin rufi. Dattijon ya daka tsawa: "Ku hau kansa! Dukanku!" Maza shida suka faɗa kan tubalan, wannan kan wancan, suka danne da jikinsu. Nauyin da aka bari a bakin lif, da naman mutane aka cike shi.

Shi kuwa ya tsinci ɗamarar da aka yar, ya rataya a wuya, ya ɗaura tasa, ya kama igiyar da aka shure. Ba shi da ta biyu. Shekara talatin bai taɓa sauka a igiya ɗaya ba, sai ranar. Bai tsaya duba ta ba, don ya riga ya duba ta lokacin da ake masa dariya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya yi bisimilla ya zura ƙafa a bakin rufi.

Waɗanda ke ƙasa sun ce ba su taɓa ganin sauka irin wannan ba. Tsoho mai furfura yana taka gilashi kamar a tsakar gidansa yake tafiya. Ya iso daidai Auta, ya harɗe shi da ƙafafu biyu ta ƙugu.

Idanun Auta kamar za su faɗo. Ya ce, "Yaya. Hannuna ya mutu, Yaya."

"Yau kuma na koma Yaya? Riƙe dai. Kada ka dubi ƙasa, dubi gemuna."

Ya zagaya masa ɗamarar ta ƙarƙashin hammata, ya ja, ya maƙala ta a tasa. Ya ce ya saki. Auta ya ƙi. Ya ce, "Auta, sau ɗaya a rayuwarka ka ji magana. Saki!" Ya saki. Igiyar ta miƙe, ta yi ƙara, ta riƙe su su biyun.

Wata mata mai sharar ofis a hawa na goma ce ta yi ta maza, ta buɗe taga ta miƙo sandar mofa ta goge daɓe. Da ita aka jawo Baban 'Yan Biyu, sannan aka jawo su. Da ƙafarsu ta taɓa daɓe, dattijon ya leƙa ya ƙwala wa na rufi kira su sauka daga kan ƙarfen, don bakin bangon ya fara tsagewa. Suna tashi, hannun hagu ya bi ɗan'uwansa. Kwandon ya tafi yana kartar bene, yana farfasa gilashi hawa bayan hawa, ya ratsa rumfar ƙofar shiga, ya sauka a kan motar Auta, wadda ya ajiye a gaba-gaba don kowa ya gani.

Ba rai ko ɗaya da ya salwanta. Allahu Akbar! Ma'aikata suka sauko a guje suka ɗaga dattijon sama, yana ta cewa su ajiye shi, bayansa na ciwo. Baban 'Yan Biyu ya zauna a daɓe yana kuka yana dariya, igiyar na rungume a ƙirjinsa, ya ƙi bari a kwance ta.

Mai hoton da Auta ya ɗauko don ya nuna girmansa, shi ya ɗauki komai. Hukuma ta zo ta ƙirga tubala, talatin a rufi, goma a bakin lif. Ba a buƙaci wani shaida ba. Aka karɓe takardar izininsa. Abin da ya rage masa ya tafi wajen gyaran ɓarna. Manajojin da ya gayyato su gani, sun gani. Hannunsa na dama kuma jijiyoyin sun tsinke, yatsun ba su ƙara jin zafi ko sanyi ba.

Masu ginin kuwa, bayan an gama gyara, suka aika a kira musu tsohon nan mai igiya. Aikin benen duka suka ba shi. Ma'aikata bakwai suka bi shi ba tare da ya kira kowa ba. Abin da ya fara saya igiya ce.

Ya 'yan uwa, kada wani ya tashi daga nan ya ce inji ne ya yi laifi. Inji ba shi da laifi, tsadarsa ma ba zunubi ba ce. Kayan aiki mai kyau ni'ima ne. Laifin yana ga wanda ya saye shi don a gan shi, ya ga minti ashirin na manyan baƙi sun fi ran uban 'yan biyu daraja. Duk wanda aka ba shi mutane a ƙarƙashinsa, amana aka ba shi, kuma za a tambaye shi. Kai mai gareji, kai mai gini, ke mai shagon ɗinki, tubala nawa kuka bari a bakin lif? Wace gaskiya aka gaya muku kyauta kuka shure, don wanda ya faɗe ta rigarsa ta koɗe?

Ku kuma duba inda Auta ya so a ɗaura igiyar rai: a jikin abin da ya saya. Haka da yawanmu muke. Mun ɗaure zukatanmu a jikin dukiya da suna, alhali su ne abin da ake tsoron ya faɗi.

Wata huɗu Auta bai fita ƙofar gida ba. Wata safiya, Ƙadangare na zaune a rufin benen nan, ya miƙe ƙafafu, igiyoyin rai takwas a gabansa, sai ya ji takun mutum a matakala. Auta ne, ya rame, hannun dama a cikin aljihu.

Ya yi sallama, ya durƙusa. Ya ce, "Yaya, ko ɗaukar bokiti ne."

Dattijon bai buɗe ido ba. "Bokiti yana da mai ɗauka. Hannu nawa ya rage maka?"

"Ɗaya."

"Yana ji?"

"Yana ji."

"To ya isa." Ya tura masa igiyar Baban 'Yan Biyu da ƙafa.

Auta ya zauna a kan simintin, ya miƙe ƙafafu. Ya danne kan igiyar da gwiwa, ya ɗora ta a tafin hagu, ya rufe ido, ya fara ja a hankali.

Allah ka tsare mu daga girman kan da ke sa bawa ya shure igiyar ransa. Ka ba mu kunnen jin gaskiya tun ƙafarmu na kan rufi. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda ke ƙarƙashinmu daga sakacinmu. Amin.